Kansas 1974: yadda goge ɗaya ya haɗa furog da kiɗan kantiri a faifai guda

A watan Maris na 1974 wasu samari shida daga tsakiyar Amurka suka fitar da albam ɗinsu na farko, sunan ƙungiyar Kansas, sunan albam ɗin ma Kansas, wato sunan jiharsu kawai suka ɗauka ba su wahalar da kansu ba. Waƙoƙi 8 ne a ciki, duka-duka kamar minti 45, da ya shiga jadawalin Billboard na albam 200 da suka fi kasuwa iyakar inda ya kai shi ne na 174, daga nan ya zame. A lissafin 'yan kasuwar waƙa wannan faɗuwa ce, babu wani kwana-kwana. Amma fa duk mai son ya gane yadda ake cusa kiɗa iri biyu da ba sa ga maciji da juna a cikin faifai ɗaya, to nan ne wurin da zai zauna ya kasa kunne, don abin da ya hana albam ɗin kasuwa a lokacin shi ne dai abin da ya zo ya bambanta su da kowa daga baya.

Kiɗan rok na furogiresif, wanda masoyansa suke gajartawa su ce furog, a wancan lokacin kusan kayan Ingila ne zalla. King Crimson sun buɗe fage a 1969, Yes da Genesis da Jethro Tull da Emerson, Lake & Palmer suka biyo, kuma da yawa cikinsu yara ne da suka taso da kiɗan coci da na gargajiyar Turai a kunne, shi ya sa za ka ji waƙa ɗaya ta cinye minti 18 ko 20, ana canja bugun ganga a tsakiya, daga ƙirgen huɗu a koma bakwai a koma biyar, baitocin kuma na zurfin tunani ne da tatsuniya. Kiɗa ne na zama, ba na rawa ba. Kantiri kuwa akasin haka ne sak, kiɗan karkarar Amurka ne na manoma da direbobin manyan motoci da ma'aikata, waƙa minti uku, labari a fili, bugu a miƙe yadda ƙafa za ta bi ba tare da tunani ba, ga goge irin na Turawa (violin) ga jita ga muryoyi biyu ko uku suna haɗuwa a amshi. Tun 1968 da The Byrds suka karkata can, sannan Eagles suka fito a 1972, an riga an saba da haɗa kantiri da rok na yau da kullum. Haɗa shi da furog ne dai ba a saba ji ba.

Su wane ne su

Phil Ehart mai ganga, Dave Hope mai jitar bes, Rich Williams mai jita da Kerry Livgren mai jita da kibod duk daga Topeka suka fito, babban birnin jihar. Steve Walsh, mai babbar muryar nan kuma mai ogan da piyano, daga St. Joseph ta jihar Missouri ya zo. Sai Robby Steinhardt mai goge, ɗan garin Lawrence, mahaifinsa malamin tarihin kiɗa ne a Jami'ar Kansas, shi kuma tun yana yaro aka koya masa goge a kan tsarin gargajiyar Turai, da karatun alamomin kiɗa da komai. Wannan a riƙe shi da kyau don za mu dawo kansa, mutumin da ya sa ake jin ƙamshin kantiri a albam ɗin ba ɗan kantiri ba ne ko kaɗan.

Kafin su zama Kansas ɗin da aka sani, biyar daga cikinsu suna tare da sunan White Clover, Livgren kuma yana wata ƙungiyar daban wadda ita ma Kansas take amsawa, kiɗanta ma ya fi wannan tsauri da baƙunta. A 1973 ya baro su ya shigo cikin waɗannan, suka ɗauki sunan. To a nan aka samu marubuta biyu a gida ɗaya, Livgren mai son dogon kiɗa mai hawa-hawa kamar na su Wagner, mai tsara kiɗan gargajiya ɗan Jamus, da Walsh wanda kunnensa ya fi karkata ga rok da bulus da gajerun waƙoƙi masu taɓa zuciya.

Kuma a tuna da inda suke cin abinci. Ba London suke ba inda ɗaliban jami'a za su zauna a ƙasa su yi shiru minti 20 suna jiran ka gama, a mashaya da ƙananan ɗakunan rawa na garuruwan Kansas da maƙwabta suke wasa, inda mutum ya yini yana aiki ya zo da daddare yana so ya taka. In ka tsaya kana masa ƙirgen bakwai tun daga farko har ƙarshe mai wurin ba zai sake kiranka ba. Dole suka koyi ba mutane abin takawa, sannan su saƙa nasu dogayen a tsakani. Ni a ganina duk tsarin albam ɗin daga nan ya samo asali, tun kafin wani kamfani ya san da zamansu.

Yadda aka ɗauke su

Kaset ɗin gwaji suka aika New York, ya faɗa ofishin Don Kirshner. Kai, in ana neman mutumin da bai dace da furog ba a duk Amurka to shi ne, don shi ne ɗan kasuwar waƙoƙin nan da ya tara marubuta irin su Carole King da Neil Sedaka a kamfaninsa na Aldon, ya kula da waƙoƙin The Monkees, ya kuma yi The Archies waɗanda ma ba mutane ba ne zanen katun ne. Sana'arsa ita ce waƙar minti uku da za ta kama rediyo. Ya buɗe nasa kamfanin faifai, Kirshner Records, CBS ke rarraba masa. Mataimakinsa Wally Gold, wanda shi ma marubucin waƙoƙin rediyo ne har yana cikin waɗanda suka rubuta wa Elvis Presley waƙa, shi ya ji kaset ɗin, kuma abin da ya ja hankalinsu shi ne gogen, musamman a waƙar Can I Tell You. Ƙungiyar rok mai ƙarfi haka da goge a gaba ba abu ne da suka saba ji ba.

Aka ce Gold zai zo ya gan su ido da ido. Matsalar ita ce ba su da jama'ar da za ta cika wuri, sai suka kama wani tsohon ɗakin wasa a Ellinwood, ƙaramin gari a tsakiyar jihar mai mutum kamar 2,000, suka baza sanarwa cewa akwai giya kyauta. Wuri ya cika maƙil, ana ihu ana tafi, Gold ya koma New York da labarin cewa yaran nan suna da jama'a. Su kansu 'yan ƙungiyar sun sha ba da wannan labarin suna dariya. Haka aka sa hannu, aka kai su situdiyon Record Plant a New York a 1973, Gold ɗin ne ya zama furodusa, faifan kuma bai fito ba sai shekara ta gaba.

Abin da ke cikin faifan

Lokacin faifan garmaho ne, fuska biyu, dole ka tashi ka juya, don haka jerin waƙoƙi ba wasa ba ne, waƙar da aka sa a farko ita ce sallamar da kake yi wa mai saye da kuma ma'aikacin rediyo da zai ɗora allura ya ji daƙiƙa 30 ya yanke hukunci. A fuskar farko an jera gajeru uku a gaba, Can I Tell You, sai Bringing It Back, sai Lonely Wind, dukkansu tsakanin minti uku da huɗu da 'yan kai. Bayan su ne Belexes ta Livgren take shigowa da gudu da ogan, sannan Journey from Mariabronn mai kusan minti 8 ta rufe fuskar. Fuska ta biyu ma haka aka yi, aka buɗe da gajeriya mai daɗin takawa, The Pilgrimage, sannan Aperçu mai kusan minti 10 da Death of Mother Nature Suite mai kusan 8 suka cinye sauran. Ka ga kenan kowace fuska da abin da Kirshner yake so take farawa, da abin da Livgren yake so take ƙarewa.

Bringing It Back ita ce waƙa ɗaya tilo da ba su suka rubuta ba, ta J.J. Cale ce, mutumin Tulsa a jihar Oklahoma wadda take maƙwabtaka da Kansas ta kudu, tana cikin albam ɗinsa na farko. Labarin mutum ne da ya ɗauko haramtaccen kaya daga Meziko aka kama shi. Cale a sanyaye ya yi ta, kamar mai magana daga kan kujera, su kuwa suka ɗauke ta suka zuba mata wuta, aka ƙara gudu, ga konga, Steinhardt ya karɓi waƙar da muryarsa mai kauri sannan ya saki gogen. A nan ne za ka ji abin da ake nufi in an ce kantiri. Saurari yadda yake goga tsirkiya biyu lokaci guda, yadda yake zamewa da yatsa ya hau kan sauti maimakon ya dira a kansa kai tsaye, yadda yake jan bakan gogen gajere-gajere da sauri yana bin ganga. Haka masu goge na ɗakunan rawa a karkarar Amurka suke yi. The Pilgrimage ma haka, tana farawa da ɗan wasa-wasa kamar ana ɗuma hannu, sai ta faɗa cikin bugu miƙaƙƙe, muryoyi biyu suna tafiya tare, gogen yana amsa musu a ƙarshen kowane layi.

Yanzu ka tsallaka zuwa Journey from Mariabronn. Mutum ɗaya ne, goge ɗaya ne, amma ba ka ce shi ba ne. Ya daina zamewa, sauti a tsaye cak, ja mai tsawo, yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ogan ɗin Walsh da kibod ɗin Livgren har su ukun su yi kauri kamar babbar ƙungiyar makaɗa ta mutum arba'in. Waƙar daga littafin Hermann Hesse aka samo ta, Narcissus and Goldmund na 1930, labarin abokai biyu a gidan ibada na Mariabronn, ɗaya ya zauna ga karatu da ibada ɗaya ya fita yawon duniya. Wato a fuska ɗaya ta faifai an tashi daga ɗan fasa-ƙwauri a kan iyakar Meziko an dire a gidan ibadar Jamus na zamanin da, tazarar ba ta kai minti goma ba. Abin da ya hana faifan tsagewa biyu shi ne gogen nan, shi ne zaren da ya ɗinke ƙyallen biyu, ko'ina ka taɓa yana nan, kunne ya riga ya saba da shi tun daga waƙar farko, don haka in dogayen sun zo ba ka jin kamar an canja maka faifai.

A nan fa sai an yi adalci, don wasu in suna bayanin albam ɗin suna zuzuta maganar kantirin fiye da kima. Ba za ka ji banjo ba, ba za ka ji jitar nan ta kwance mai kuka wadda Nashville, cibiyar kiɗan kantiri, ta shahara da ita ba, baitocin ma ba na saki da kewar gida ba ne. Kantirin a salon gogen yake, da haɗuwar muryoyi, da bugun waƙoƙi biyu ko uku, sauran abin da ake ji a gajerun ya fi kusa da bugi da rok irin na kudu, na su Allman Brothers. Lonely Wind ma waƙar piyano ce mai sanyi wadda ta fi kama da ta coci. Amma ɗan abin da ke akwai ɗin ya isa, domin a cikin furog na 1974 babu mai shi. King Crimson suna da mai goge a lokacin, David Cross, Curved Air suna da Darryl Way, Mahavishnu Orchestra sun yi da Jerry Goodman, amma duk cikinsu babu wanda in ya goga za ka ji ƙurar ɗakin rawa na ƙauye.

Bangon faifan ma abin dubawa ne. Su Yes zanen duniyoyin mafarki suke sawa, duwatsu na yawo a sama, su kuwa waɗannan sai suka ɗauko hoton John Brown daga zanen bango da John Steuart Curry ya yi a ginin majalisar jihar a Topeka wajen ƙarshen shekarun 1930 zuwa farkon 1940. Dattijo ne mai dogon gemu iska na kaɗa shi, ya ware hannuwa, Baibul a ɗaya bindiga a ɗaya, baki buɗe yana ihu, bayansa guguwa da gobarar daji. Brown shi ne mai yaƙi da bautar da bayi da ya zubar da jini a Kansas a shekarun 1850, ya kai hari ma'ajiyar makaman gwamnati da ke garin Harpers Ferry a 1859 aka rataye shi a watan Disambar shekarar. 'Yan majalisar jihar ma ba su ji daɗin zanen ba a lokacinsa, rigimar ta kai Curry ya tafi bai sa hannu a kai ba. Wannan zaɓin yana gaya maka abu biyu, ba Ingila suke kwaikwayo ba, kuma ba 'yan kudu ba ne, don Kansas a 1861 ta shiga tarayya a matsayin jihar da babu bauta. A daidai lokacin da wasu ƙungiyoyin rok na kudu suke rataya tutar 'yan awaren kudu masu goyon bayan bauta a dandali, waɗannan sun sa mutumin da kudun ta rataye.

Me ya sa bai sayu ba

An saki Can I Tell You da Lonely Wind a matsayin waƙoƙin rediyo, babu wadda ta shiga jadawali. Dalilin ba boyayye ba ne in ka duba yadda rediyon Amurka yake a rabe a lokacin. Tashoshin AM masu waƙoƙin yayi suna son abu mai sauƙi mai amshi, wannan ya yi musu nauyi. Tashoshin kantiri ba za su taɓa faifan da ke da ogan mai ruri da waƙar minti 10 kan sake dawowa duniya, wato Aperçu, ba. Tashoshin FM masu sa dogayen waƙoƙi su ne gidansu na gaskiya, amma can ɗin ma sunan Kirshner a jikin faifai ba ya taimako, mutumin The Archies ne fa, wa zai yarda furog na kirki zai fito daga hannunsa. Su kuma masu sharhi, na ɓangaren rok suna ganin dogayen a matsayin burga da kwaikwayon Ingila, masoya furog na asali kuma suna tsallake gajerun suna cewa waƙar mashaya ce. Kowa ya ɗauki rabin da ba ya so ya yi hukunci da shi.

Akwai kuma laifin ɗaukar sautin, wannan kam ra'ayina ne amma duk mai kunne zai iya gwadawa. Gold mutumin waƙar rediyo ne, ya ɗauke su a tsabtace, gangar ba ta da nauyin da take da shi a faifan da suka biyo baya, jitocin biyu sun ɗan matse. Death of Mother Nature Suite, waƙar da take kuka kan yadda ɗan Adam yake lalata ƙasa da iska, wadda ya kamata ta girgiza ɗaki, sai ta fito kamar an rufe mata ƙofa. Kuma gaskiya ba duk ɗinkin ne ya yi kyau ba, a Aperçu akwai wuraren da za ka ji an gama wani yanki an manna wani ba tare da ɗaya ya haifi ɗayan ba, alamar marubucin da yake da tunani fiye da wurin zuba shi. Livgren bai kai 25 ba a lokacin.

Abin da ya cece su shi ne hanya da kuma haƙurin Kirshner, wanda mutane ba su cika yaba masa a kai ba. Ya ci gaba da zuba kuɗi duk da ba riba, shi ma ba don Allah kawai ba, haƙƙin wallafa waƙoƙin a kamfaninsa yake, in ta fashe shi ne zai fi kowa ci. Suka yi ta yawo gari-gari suna buɗe wa manya fage, har da Queen a zagayensu na Amurka a 1975, kuma a dandali rabuwar nan da ta dame su a rediyo sai ta zama makami, su tayar da jama'a da gajerun, in wuri ya yi zafi su sako dogayen. Albam ɗinsu na biyu, Song for America, ya fito a 1975 ya kai na 57, lokacin Jeff Glixman ya shigo aikin furodusa sautin ya yi kauri, Masque ya biyo a shekarar ya tsaya na 70, kamfani ya fara matsa lamba a kawo waƙar da za ta kama rediyo. Sai Leftoverture a 1976 ya kai na 5 da Carry On Wayward Son wadda ta kai ta 11, Point of Know Return na 1977 ya kai na 4.

In ka dubi waƙoƙin biyu da suka ɗaga su za ka ga abin da ya canja. A albam na farko gajeru daban dogaye daban, kamar ƙungiya biyu ke karɓa-karɓa. A Carry On Wayward Son an narka su cikin waƙa ɗaya ta minti biyar da 'yan kai, tana buɗewa da muryoyi zalla masu haɗuwa irin na Amurka, jitar tana da nauyin mashaya, amma bugun yana ta juyawa irin na furog ba tare da mai sauraro ya lura an juya shi ba. Dust in the Wind kuwa, wadda ta kai ta 6 a 1978 kuma ita ce mafi girman waƙarsu a jadawali, jita ce ta katako ana tsinkar ta da yatsu a salon da aka laƙaba wa sunan Merle Travis, mawaƙin kantiri ɗan Kentucky, sai goge a tsakiya. Livgren ma atisayen yatsu yake yi da ita a gida, matarsa ce ta ce ya sa mata baiti. Wato ɓangaren da masoya furog suke tsallakewa a 1974 shi ne ya kawo kuɗin.

Ba su kaɗai suka bi wannan hanyar ba daga baya, Dixie Dregs sun fitar da Free Fall a 1977 a kamfanin Capricorn na Macon a jihar Georgia, su ma da mai goge, kuma kantirinsu ya fi na Kansas fitowa fili nesa ba kusa ba, sai dai babu murya a kiɗansu don haka rediyo bai taɓa rungumarsu haka ba. Abin dariyar shi ne mai jitarsu Steve Morse ya zo ya shiga Kansas a tsakiyar shekarun 1980, a daidai lokacin da Steinhardt ya riga ya bar ƙungiyar babu mai goge, kuma albam ɗin wancan zamanin in ka saurara da kyar za ka bambanta su da sauran ƙungiyoyin rok na rediyo duk da ƙwarewar Morse.

Shi kuwa albam na farkon a hankali ya yi ta sayuwa, waɗanda suka san su ta Leftoverture suna komawa baya suna nema, sai a 1995, shekara 21 bayan fitowarsa, ya cika kwafi 500,000 aka ba shi shaidar zinare. Da aka sake gyara sautinsa aka fitar a 2004, ƙarin waƙa ɗaya aka sa, Bringing It Back da aka ɗauka a dandali, ta ninka ta situdiyo tsawo har fiye, kuma yawancin ƙarin na Steinhardt ne da gogensa. Ya rasu a watan Yuli na 2021.